Ban Fito Daga Maradun Ba

Ranar da Ummulkhairi ta fara ganin Sufyanu ba da niyyar so ta zo ba, da niyyar ci masa mutunci ta zo.

A Bakura ne, wata Laraba. Tun da hantsi ta baro Talata Mafara a motar haya, don an bugo mata waya cewa kwamfutoci ashirin da huɗu na cibiyarsu ta jarrabawa da ke can sun haukace lokaci guda. Tana shiga ɗakin ta tarar ba a yi ƙarya ba. Kowace sai ta kunna kanta, ta nuna ɗan rubutu, ta mutu, ta sake tashi. Can ƙarshen layi wani dogon saurayi ne durƙushe a ƙarƙashin tebur, ya ajiye hularsa a kan kujera, gumi ya jiƙa masa bayan riga.

"Kai ne ka taɓa min kwamfutoci?" Ko sallamar ba ta ƙarasa ba ta jefa masa tambayar.

Ya fito da kansa a hankali, ya dube ta, ya ɗauki hularsa ya sa.

"Wa alaikumus salam. Ina kwana, Hajiya? An zo lahiya? Ya hanya? Ya mutanen Mahwara?"

Kunya ta kama ta har kunne. 'Yar liman guda, a ce baƙo ne zai tuna mata gaisuwa! Ta amsa a daƙile, tana gyara hijabinta da babu abin da ya same shi.

Gidauniyar Tsani suke yi wa aiki su biyun. Cibiyoyi uku gare ta, a Mafara da Bakura da Maradun, kuma duk shekara tana shirya jarrabawa a kwamfuta don zaɓar yaran ƙauyuka da za ta ɗauki nauyin karatunsu. Ummulkhairi ce mai kula da manhajar jarrabawar. Daga teburinta a Mafara take tura ta ta intanet, ta sauka a kan kwamfutocin garuruwan uku. Shi kuwa Sufyanu satinsa biyu da kama aiki, an ɗauke shi ya riƙa tura manhajar riga-kafi mai kare su daga cuta. Tasa idan ta sauka sai ta kashe kwamfuta ta sake kunna ta. Tata kuma idan aka katse ta tana tsakiyar sauka, sai ta birkita kwamfutar gaba ɗaya. A safiyar nan ita ta danna daga Mafara, shi ya danna daga Bakura, tsakaninsu bai fi minti goma ba.

Sai bayan la'asar suka gama gyara. Ya aika aka sayo fura mai sanyi, ya miƙa mata a kofi, ta karɓa kamar ba ta so, ta kuwa shanye tas.

"Hajiyar Jarrabawa," ya ce, "mu yi doka. Duk wanda zai tura aiki wani gari, ya rubuta wa ɗan'uwansa *na shiga*. Ba mai biyo shi sai ya ga *na fito*."

"In kuma ka manta ba ka ce ka fito ba fa, Malam Mai Riga-kafi?"

"To ban fito ba ke nan. Ko shekara za a yi, ki jira ni."

Ta yi dariya, ta ba shi lambarta. Ta gaya wa kanta don aiki ta bayar, kuma a ranar dai gaskiya ta faɗa.

Satin farko saƙonnin tsaf suke. *Na shiga Bakura. Na fito daga Bakura.* Sati na biyu suka fara tsiro da jela.

*Na shiga Mafara. Kin karya kuwa?*

*Ka yi aikinka. Na karya.*

*Na fito daga Mafara, amma hankalina ya ƙi biyo ni.*

Ta karanta wannan sau huɗu, ta kife wayar a cinya, ta kasa rufe bakinta don murmushi. Kafin damina ta kankama ya daina ce mata Hajiyar Jarrabawa, ya koma Khairina. Ita ma ta rage masa dogon sunan, ya zama Sufi kawai. Duk ranar da aiki ya kai shi Maradun, inda hanya ba ta da tabbas kuma ba a bin ta bayan la'asar, ba ta iya cin abincin kirki sai ta ga ya rubuto ya sauka lafiya.

*Khairina, na faɗa wa Kawu Jafaru. Ranar Asabar zai je wurin Baba ya nema min izinin zuwa zance. Ki taya ni addu'a, gabana faɗuwa yake yi.*

*Nawa ya riga naka faɗuwa, Sufi. Allah Ya sa a dace.*

Ba a dace ba, don wani ya riga Kawu Jafaru isa zauren.

Shamsuddeen shi ne manajan cibiyoyin uku, tsohon ɗalibin mahaifinta ne, kuma shekara biyu yana zagayen Ummulkhairi bai taɓa buɗe baki ya ce yana so ba. Irin mutanen nan ne da ke ganin abin da suka daɗe suna kallo ya zama nasu. Bai yi wa mahaifin nata, Liman Tukur, ƙarya ba. Ya dai zaɓi gaskiyar da za ta yi masa aiki: yaron nan mai garaje ne, satinsa biyu ya kashe kwamfutocin Bakura, kuma a yini guda sai ya rubuta wa 'yar Malam saƙo talatin da sunan aiki.

Ranar Litinin da safe Liman ya kira ta zaure. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Uwata, zamna. Wanga yaro da kawunai yaz zo, an ce man kullum shina cikin wayarki."

"Baba, aiki ne..."

"Duka?"

Ta sunkuyar da kai. Ba ta saba yi masa ƙarya ba, kuma ba ranar za ta fara ba.

"Ban ce a'a ba, ban ce i ba," in ji Liman. "Wata guda ni ka so. Ba ki rubuta mai, ba shi rubuto maki, ba waya, ba tsayuwa bakin hanya. In aiki ya kama, ku bi ta hannun Shamsuddeen. Ni kau in bincika. Na aika ma kawunai da wagga magana. Kin yi man alkawari?"

"Na yi, Baba."

Ta koma ɗaki ta duba wayarta. Saƙo ɗaya ne, ya shigo tun ƙarfe bakwai, kafin maganar Liman ta isa gare shi.

*Na shiga Maradun, Khairina.*

Daga wannan ba ta sake ganin komai ba.

Kwana uku na farko ta yi alfahari da shi. Ga namiji mai jin maganar manya. A kwana na bakwai alfaharin ya fara tsami. A na goma kuwa haushi ne zalla. Shi ke nan, an ce ya bari ya bari? Ko kuskuren danna kira bai yi ba? Ko a baki bai aiko da gaisuwa ba? Idan sun haɗu a ofis sai ya sunkuyar da kai ya wuce ta kamar bango. Ɗan Adam da ban mamaki yake: ita ma alkawarin take cikawa, amma so take shi ya karya nasa, ko don ta san yana shan wahalar da take sha.

Jarrabawar bana ranar Asabar za a yi. Ranar Talata, kwana goma sha biyar da dokar Liman, ta tura manhajarta Mafara, ta tura Bakura, duk ta hannun manaja aka tabbatar mata babu kowa a ciki. Saura Maradun. Ta tambayi Shamsuddeen.

"Maradun? Ai ya daɗe da gamawa, ina ji. Inbatarsu ta wutar sola ce dai ta ƙone, jibi za a sa sabuwa. Ki tura abinki."

Ta dubi allonta. Kwamfutocin Maradun talatin da shida duk a kashe suke, kuma wannan ba baƙon abu ba ne, umarni yakan tsaya a layi har sai an kunna su ya sauka. Ta buɗe wayarta, ta ga *na shiga* yana nan shi kaɗai, babu *na fito* a ƙarƙashinsa. Wani abu a ranta ya ce ta dakata. Haushi ya ce mata ai dokar Baba ce ta hana shi rubutawa, kuma mutumin da ya iya kwana goma sha biyar bai neme ta ba, don me za ta zauna jiran izininsa?

Ta danna.

Ranar Alhamis da azahar aka sa sabuwar inbata a Maradun, aka kunna kwamfutocin. Aikin Sufyanu da ke jira a layi tun waccan Litinin da nata na Talata suka sauka tare. Kafin a tayar da sallar la'asar babu guda ɗaya mai tashi.

Yara ɗari da ashirin ne za su zauna a Maradun. Wasu, daga ƙauyen Gidan Goga, sun riga sun iso garin tun Laraba tare da iyayensu, cikin ayarin da aka yi wa rakiya, don ba hanyar da ake bi sau biyu ba ce a sati. Alhaji Dikko, shugaban gidauniyar, ya tara su a ofis yana huci. Kafin kowa ya yi magana Sufyanu ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Gobe da sassafe zan tafi Maradun in gyara da hannu."

"In yaran ga ba su zamna jarrabawa ba," in ji Alhaji, "kada ka dawo man nan."

Bai dubi inda take ba har ya fita. Ita kuwa ta bar shi ya fita da laifinta a kansa, ta kuma ji ta tsani kanta.

Da ta koma gida kafin magariba ta ga takalman Shamsuddeen a ƙofar zaure. Bayan ya tafi Liman ya leƙo tsakar gida, fuskarsa babu fushi, abin da ya fi fushin ban tsoro.

"Uwata, na gama bincike. Wanda yaɓ ɓata aiki sau biyu ta hanya guda, ban ba shi amanar mutum. Gobe in an sauko Juma'a ni ka aika ma kawunai su yi haƙuri."

Tuwon da ba ta ci ba ke nan.

Da safe ta riga kowa zuwa ofis, tana neman takardar lambobin kwamfutocin Maradun. Ta jawo aljihun teburin manaja, sai ga takardu uku a ninke, kowace da sunanta a baya, da rubutun da ta sani. Ba a ko buɗe su ba. Ta warware ta farko.

*Zuwa ga Malama Ummulkhairi, ta hannun Manaja. Inbatar Maradun ta ƙone kafin aikina ya sauka. Yana nan a layi. Ban fito daga Maradun ba. Sufyanu.*

Ta biyu, bayan kwana shida: *Har yanzu ban fito daga Maradun ba. Don Allah kada ki shiga.*

Ta uku ranar Litinin aka rubuta ta, jajibirin ranar da ta danna: *Ban fito ba. Ki jira ni.*

Shamsuddeen ya shigo ya same ta da su a hannu. Ya yi tsuru-tsuru.

"Na ɗauka wasiƙun soyayya ne, Ummu. Malam ya hana, shi ya sa na..."

"Ko da su ne, ai da ka kai wa Malam ɗin," ta ce, ta raɓa shi ta fita.

Liman yana zaure yana duba huɗubarsa, sai ta faɗo kamar an koro ta. Ta durƙusa, ta ajiye takardun uku da wayarta a kan buzunsa, ta faɗa masa komai: dokar da suka yi a Bakura, saƙon ƙarshe, da abin da ta yi ranar Talata. Ya sa tabarau ya karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, ya juya bayansu ko akwai ƙari. Babu. Ya duba wayar, ya ga kwana goma sha takwas babu ko harafi.

"To ke mi yas sa kish shiga, bai ce ya hito ba?"

"Fushi na yi, Baba."

"Hushin mi?"

Hawaye suka zubo mata. "Don ya bi maganarka. Na so ko sau ɗaya ya karya. Laifin nawa ne, ni na ɓata Maradun, shi kuma ya ɗauka a gaban Alhaji. Yanzu haka yana hanya. Kuma ko ya isa ba zai iya shi kaɗai ba. Manhajar jarrabawa daga teburina kawai take fita. Sai ya wanke kowace kwamfuta ya ce min ya fito, sannan in tura mata ita kaɗai. Sabis ɗin can ba ya ɗaukar kira, sai saƙo. Baba, ka ɗage mana dokar, ko na yau kaɗai."

Liman ya ɗago kai daga takardun.

"Wa'adina saura kwana goma sha biyu. Ban tashe shi. Ba ki rubuta mai, ba shi rubuto maki."

Ta yunƙura za ta tashi.

Ya ninke takardun ya sa a aljihu. "Amma ban ce ba shi rubuto man ni ba. Aika ma Alhaji Dikko ya ba yaron lambata. In mun sauko masallaci ina tahe."

Ƙarfe biyu da rabi ma'aikatan cibiyar Mafara suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Liman Tukur da rawaninsa da babbar rigarsa ta Juma'a, zaune a kujerar roba kusa da teburin 'yarsa, riƙe da ƙaramar wayarsa mai madannai. Saƙo na jiransa.

*Allah gafarta Malam, barka da Juma'a. Na iso lafiya. Batiran nan tsofaffi ne, wuta ba za ta wuce faɗuwar rana ba, kuma akwai hadari a gabas. Na fito daga ta ɗaya da ta biyu da ta uku.*

Liman ya karanta da ƙarfi, da irin muryar da yake huɗuba. Ummulkhairi ta tura wa ukun.

"Baba, rubuta masa na shiga."

Da yatsa ɗaya yake rubutu, yana nisanta wayar daga fuskarsa, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta ciji leɓe ta haƙura. A ta takwas hannunsa ya fara sabawa. A ta goma sha biyu har ya fara gaba da ita: "Ya hito ta sha ukku, Uwata, mi kike jira?" Da aka kira la'asar ya ja su salla a barandar ofis, gajerun surori ma ba a ji ba don a ɓoye ake karatun, amma kowa ya lura ba a daɗe ba.

Ƙarfe biyar saura kwata sun gama ashirin da biyu. Saƙo ya shigo: *Na shiga sauran goma sha huɗun gaba ɗaya, don lokaci. Hadari ya rufe rana.*

Daga nan wayar ta yi shiru.

Minti biyar. Minti goma. Liman ya ɗaga wayar sama, ya je bakin taga, ya dawo. A allonta tana ganin kwamfutocin goma sha huɗu a kunne, don intanet ɗin cibiyar ta wani layi yake bi, amma ba ta da hanyar sanin ko ya gama da su ko yana tsakiya. Minti ashirin. A Mafara ma gari ya fara duhu, iska na buga ƙofa. Alhaji Dikko ya shigo yana safa da marwa. Shamsuddeen, da tun ɗazu yake raɓe a bango yana neman abin da zai wanke kansa da shi, ya matso.

"Ummu, ki tura kawai. Ai yanzu ya gama. In wuta ta ɗauke can, shi ke nan an rasa duka."

"Gaskiya yaf faɗi," in ji Alhaji. "Tura, ɗiyata."

Ta zaɓi goma sha huɗun. Yatsanta na kan madannin. In ta jira, wuta na iya mutuwa, yara su rasa, a kori Sufyanu. In ta danna yana ciki, babu sauran rana da za a sake gyarawa. Ta ji idon mahaifinta a kanta.

Ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

"Bai ce ya fito ba."

"Minti talatin fa ke nan!" in ji Shamsuddeen.

"Ko shekara ce," ta ce. "Bai ce ya fito ba."

Minti talatin da bakwai aka yi. Sannan ƙaramar wayar ta hau ƙara a hannun Liman, saƙonni uku a jere.

*Kada ta shiga. Wuta ta yi ƙasa, aikin ya tsaya a rabi, ina kashe fankoki da fitilu.*

*Kada ta shiga tukuna, Malam, don Allah.*

*Na fito daga goma sha biyu. Biyu sun ƙi tashi, a bar su. Ta shiga yanzu, da sauri.*

Ta danna. Kowa ya zuba wa allon ido, layukan suna cika ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ta daɗe a kusa da ƙarewa har Alhaji ya fara salati a fili. Tana cika, ba a yi minti biyu ba, duk kwamfutocin Maradun suka ɓace daga allon. Wuta ta tafi.

"Baba," ta ce da ƙyar, "rubuta masa na fito."

Ya rubuta. Amsa ta zo: *Alhamdu lillahi. Talatin da huɗu sun isa, za a zauna kashi huɗu. A nan zan kwana, hanya ta rufu.*

Ummulkhairi ta kifa kai a tebur ta yi kukan da take riƙewa tun jiya. Ta gaya wa Alhaji Dikko gaskiyar wanda ya ɓata Maradun, Alhaji ya dubi Shamsuddeen, Shamsuddeen ya dubi ƙasa. Liman bai sa musu baki ba, rubutu yake yi. Ya tambayi yaron don me ya ɗauki laifin da ba nasa ba, ya kuma karanta amsar a fili kamar sauran.

*Allah gafarta Malam, da nawa a ciki. Da na ga ba a amsa takarduna ba, ya kamata in soke aikina daga layi. Na bar shi ne don shi kaɗai ya rage tsakanina da ita.*

Liman ya cire tabarau ya goge da bakin rawani, ya mayar. Ya sake duƙufa a kan wayar, ya daɗe, yana gogewa yana sakewa. Ana kiran magariba ya miƙe, ya ajiye mata wayar a kan tebur.

"Riƙa man, in yi alwala. Karatu ban hana ki ba."

Ta duba. Ga abin da ya tura:

*Wa'adi saura kwana 12, a cika shi. In ka hito Maradun lahiya, ranar da yac cika ka shigo gidana da manyanka. Na ba ka.*

An cika kwana goma sha biyun cif, don Liman Tukur ba ya tayar da maganarsa ko don murna. Yaran Maradun sun zauna jarrabawarsu, bakwai daga Gidan Goga suka samu shiga. Shamsuddeen ya je har zaure ya ba da haƙuri, ya kuma nemi a mayar da shi Bakura, aka mayar da shi.

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Liman, ranar Asabar da hantsi. Mutanen Bakura sun zo, na Maradun ma sun cika mota biyu. Liman bai yarda ya ɗaura da kansa ba, ya ce muryarsa ba za ta kai ba, ya wakilta ƙanensa. Amma da aka shafa fatiha shi ya riƙe hannun Sufyanu da hannu biyu.

"Uwata ce na ba ka. Ta iya jira, kai ma ka iya. Allah Shi yi maku albarka, Shi ba ku zuri'a ɗayyiba, Shi tsare ku bisa kowace hanya."

"Amin, Baba," in ji Sufyanu, idonsa ya cika.

Da yamma, bayan 'yan rakiyar amarya sun watse, Ummulkhairi na zaune a bakin gado cikin lulluɓi, lalle har gwiwar hannu, sai wayarta ta yi ƙara. Tana jin motsinsa a bakin ƙofa, bai taɓa labulen ba.

*Khairina, ina ƙofa. Babu kowa a ciki? In shigo?*

Ta yi dariya har da hawaye. Ta bar shi tsaye minti guda cur, don ya ɗanɗana, sannan ta rubuta:

*Tun Bakura nake jiran ka, Sufi. Shigo.*